Tantance mai kira a waya: yadda ake aron lambar wani, da hanyoyin gane kiran ƴan damfara

Tantance mai kira shi ne duk wani mataki da kamfanin sadarwa, ko hukuma, ko mai riƙe da salula yake ɗauka domin tabbatar da abu biyu: cewa lambar da ta bayyana a fuskar waya ta mai kiran ce da gaske, kuma mai maganar shi ne wanda ya ce shi ne. Batun ya zama abin damuwa a ƙasashe da dama saboda ana iya kiran mutum da lambar aro. Wayarsa za ta nuna masa lambar banki, ko ta kamfanin waya, ko ta wani ɗan uwansa, alhali kiran daga wani wuri dabam ya taso. A Nijar, inda salula ta zama aljihun ɗan kasuwa da ma'aikaci da uwar da ke jiran aiken ɗanta daga ci-rani, kira guda na minti uku yana iya kwashe abin da aka yi watanni ana tarawa.

Dalilin da ya sa lamba take iya yin ƙarya

Duk lokacin da aka buga waya, abu biyu ne suke tafiya. Akwai murya, akwai kuma wani ɗan bayani da na'urorin kamfanoni suke miƙa wa juna, mai ɗauke da lambar wanda ake kira da lambar mai kira. Lambar wanda ake kira dole ta zama daidai, in ba haka ba kiran ba zai isa ba. Ita kuwa lambar mai kira tamkar sunan da mai wasiƙa yake rubutawa ne a bayan ambulan: gidan waya zai kai wasiƙar ko da sunan na ƙarya ne, don ba shi yake dubawa ba.

Asalin matsalar tsoho ne. Tsarin da kamfanonin waya suka daɗe suna amfani da shi wajen haɗa kira, wanda ake kira SS7, an ƙirƙiro shi ne tun a shekarun 1970, lokacin da kamfanonin ƴan kaɗan ne, akasarinsu na gwamnati, kuma kowa ya san kowa. An gina shi bisa yarda: abin da wani kamfani ya miƙo, na gaba ya karɓa ba tambaya. Da kiran waya ta intanet ya yaɗu, sai ƙofa ta buɗe. Mai kwamfuta da ya yi rajista da wani kamfanin kira da ba ya bincike yana iya rubuta lambar da ya ga dama a gurbin mai kira. Daga nan kiran zai ratsa kamfani uku ko huɗu, wani lokaci a ƙasashe dabam-dabam, kafin ya iso. Kamfani na ƙarshe abin da aka miƙo masa kawai yake gani.

Salular kanta tana ƙara wa ƙaryar ƙarfi ba da saninta ba. Idan lambar da ta shigo ta yi daidai da wadda aka ajiye, sai ta nuna sunan da mai ita ya rubuta da hannunsa: «Baba», «Alhaji Kano» ko «Banki». Haka abin yake ga gajeren saƙo. Ana iya aro sunan kamfani a gurbin mai aikawa, saƙon ƙarya ya faɗo cikin jerin saƙonnin gaskiya da kamfanin ya saba turowa.

Wannan ya bambanta da ɓoye lamba. Kiran da ya shigo babu lamba, mutane sun san su yi hattara da shi. Lambar aro ta fi haɗari, domin tana zuwa ne da fuskar wanda aka sani.

Sauya lambar da ke bayyana ba koyaushe ne laifi ba. Asibiti ko kamfani mai layuka da yawa yana iya sa babbar lambarsa guda ta riƙa fitowa ko daga wane ofishi aka kira. Shi ya sa dokar da Amurka ta yi a kan batun, mai ɗauke da shekarar 2009 a sunanta, ba ta haramta abin gaba ɗaya ba. Ta haramta shi ne idan an yi da nufin zamba, ko cutarwa, ko karɓar wani abu mai daraja ba bisa haƙƙi ba.

Dabarun da aka fi sani

Jami'in ƙarya. Wani ya kira ya ce daga kamfanin waya, ko banki, ko gidan aika kuɗi yake. Ya ce an ga matsala a asusu, ko za a rufe layi yau, sai an faɗa masa lambar sirri ko lambobin da aka turo ta saƙo.

Kuɗin kuskure. Saƙo ya shigo mai kama da na kamfani, yana cewa an turo jika ashirin. Nan take wani ya kira, yana roƙo da magiya, ya ce kuɗin maganin mahaifiyarsa ne ya tura bisa kuskure. Wanda ya mayar ba tare da ya duba asusunsa ba, daga aljihunsa ya biya, domin babu abin da ya shigo.

Kyautar da ba a nema ba. A ce wa mutum ya ci babur, ko mota, ko kujerar Makka, amma sai ya fara biyan kuɗin takardu. Hausawa sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ɗan uwa cikin matsala. A kira iyali a ce ɗansu ya yi haɗari a hanya, ko an tsare shi a Libiya ko Aljeriya, a turo kuɗi kafin yamma. Yanzu har akwai manhajojin da ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya da ya taɓa aikawa, don haka jin murya ma ya daina zama cikakkiyar hujja.

Babban mutum na ƙarya. Mai kira ya ce shi jami'in wata ma'aikata ne ko wata ƙungiyar agaji, yana da gurbin aiki, ko kwangila, ko tallafi, amma akwai ɗan abin da za a fara turowa.

Ƙara ɗaya a katse. Lambar ƙasar waje ta kira sau ɗaya ta katse. Wanda ya mayar da kiran ya faɗa layi mai tsada da ke cinye masa kuɗin waya. Ana kiran wannan dabara wangiri, kalmar Japananci ce.

Satar WhatsApp. Wani ya ce ya tura lambobi shida bisa kuskure, a taimaka a karanto masa. Lambobin nan su ne mabuɗin asusun. Da zarar ya same su sai ya ƙwace shi, ya shiga roƙon kuɗi daga ƴan uwa da abokai da sunan mai shi.

Da yawa daga cikin waɗannan dabaru ba su ma buƙatar lambar aro. Layin waya na yau da kullum da zaƙin baki sun isa. Lambar aro tana ƙara musu kwarjini ne kawai, ta kawar da ɗan shakkun da ya rage a zuciyar wanda aka kira.

Sa hannu a kan kira: tsarin STIR/SHAKEN

Babbar amsar da masana fasaha suka samar ita ce a sa wa kowane kira hatimi tun daga inda ya taso. Tsarin yana da suna biyu a haɗe. STIR shi ne rukunin ƙa'idojin da ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta wallafa a watan Fabrairun 2018. SHAKEN kuma shi ne bayanin yadda kamfanonin waya za su yi aiki da ƙa'idojin a tsakaninsu, wanda ƙungiyoyin masana'antar sadarwa na Arewacin Amurka suka tsara.

Ga yadda yake aiki. Kamfanin da kiran ya taso daga wurinsa yana haɗa wani ɗan bayani: lambar mai kira, lambar wanda ake kira, lokacin kiran, da kuma gwargwadon sanin da ya yi wa mai kiran. Sai ya sa hannu a kai da wani mabuɗin sirri na lissafi wanda shi kaɗai yake da shi. Bayanin yana tafiya tare da kiran. Kamfanin da ke karɓa yana da hanyar duba ko sa hannun na gaske ne, ta wata takardar shaida da hukumar da aka amince da ita ta bayar. Idan wani ya sauya lambar a hanya, sa hannun ba zai dace ba, kamar takardar filin da aka goge suna a kanta bayan an buga hatimi.

Shaidar tana da mataki uku. Mataki A yana nufin kamfanin ya san abokin cinikinsa, kuma ya tabbatar yana da haƙƙin amfani da lambar. Mataki B yana nufin ya san abokin cinikin, amma bai tabbatar lambar tasa ce ba. Mataki C yana nufin ya san ƙofar da kiran ya shigo kawai, misali daga ƙasar waje, bai san mai shi ba. Da wannan bayani kamfanin ƙarshe yake yanke shawara: ya bar kiran ya wuce, ya sa masa alamar gargaɗi, ko ya tare shi. A wasu wayoyi ana ganin ƴar alama kusa da lambar da aka tabbatar.

Ƙasashen da suka tilasta shi

A Amurka, wata doka da aka sa wa hannu a ƙarshen Disamban 2019 ta ba hukumar sadarwa ta FCC umarnin tilasta tsarin. An ba manyan kamfanoni wa'adin 30 ga Yunin 2021, ƙananan kuma aka ƙara musu lokaci. Kanada ta bi sahu daga 30 ga Nuwamban 2021.

A Faransa, dokar 24 ga Yulin 2020, wadda aka fi sani da sunan ɗan majalisa Christophe Naegelen, ta ɗora wa kamfanoni nauyin tabbatar da lambobi. Sun kafa tsarin da suke kira MAN, wanda aka gina a kan STIR/SHAKEN, kuma daga 1 ga Oktoban 2024 aka fara katse kiran da ya zo ba tare da ingantaccen sa hannu ba. A cikin wannan watan ne, ranar 23, kotun ƙoli ta Cour de cassation ta yanke wani hukunci da ya ja hankali. An kira wani mutum da lambar da ta fito a matsayin ta jami'ar bankinsa, aka yaudare shi har aka kwashe masa yuro 54,500, wato sama da sefa miliyan 35. Kotun ta ce ba za a ɗauki abin da ya yi a matsayin babban sakaci ba, tunda lambar da ya sani ce ta bayyana, don haka banki ya biya shi.

Birtaniya ta bi wata hanya. Hukumarta ta Ofcom ta fi ba da ƙarfi ga tare kiran da ya taso daga waje amma yake sanye da lambar cikin gida, da kuma wani jerin lambobi na bankuna da ofisoshin gwamnati waɗanda karɓar kira kawai suke yi. Duk kiran da ya fito da ɗaya daga cikinsu, an san na ƙarya ne, sai a tare shi.

Inda fasahar ta tsaya

Tsarin sa hannu yana da iyaka uku. Na farko, yana aiki ne kawai idan kiran ya bi hanyar intanet daga farko har ƙarshe. Da zarar ya ratsa tsohuwar na'ura, hatimin ya faɗi. Kira da yawa a yankin Sahel har yanzu ta 2G da 3G suke bi, waɗanda ba sa ɗaukar wannan hatimi. Na biyu, kowace ƙasa da hukumarta mai ba da shaida, don haka kiran da ya tsallaka iyaka yakan iso ba tare da shaidar da za a iya dubawa ba. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, hatimin lamba yake tabbatarwa, ba ya auna gaskiyar mai magana. Ɗan damfarar da ya sayi layi da hannunsa zai samu mataki A kamar kowa.

Halin da ake ciki a Nijar

Kamfanoni huɗu ne suke ba da layin salula a ƙasar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecoms na gwamnati. Hukumar ARCEP, wadda ta maye gurbin ARTP a 2018, ita ce mai sa ido a kansu da kuma rabon lambobi. Lambar Nijar tana da alƙaluma takwas, kuma daga waje ana fara ta da +227.

Babban matakin da aka ɗauka shi ne rajistar layi da takardar shaida. A ƙarshen 2013 an rufe layuka kimanin miliyan 1 da dubu 700 da ba a yi wa rajista ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar a lokacin. Rajista tana taimaka wa masu bincike su bi sawun mai laifi bayan an kai ƙara. Amma ba ta hana aron lamba daga waje, kuma tana raunana idan mutane suna ba da katinsu a yi wa wani rajista. Wanda ya yi haka, sunansa ne zai fito ranar da aka yi ɓarna da layin.

Ta fuskar shari'a, doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci a kan laifuffukan da ake aikatawa ta na'urorin sadarwa, kuma ƴan sandan farin kaya na PJ suna da sashen da ke bin irin waɗannan ƙararraki. An kuma kafa hukumar HAPDP don kula da kare bayanan jama'a, domin ɗan damfara ya fi samun nasara idan ya riga ya san sunan mutum, da aikinsa, da inda yake ajiya.

Garuruwan kan iyaka suna da nasu yanayi. Ɗan kasuwar Maraɗi, ko Birnin Ƙonni, ko Magarya yakan riƙe layin Nijar da na Najeriya, kuma kiran +234 daga Katsina, Illela ko Kano abu ne na kullum. Wannan sabo yana sa baƙuwar lamba ba ta tayar da hankali. Akwai kuma wata zamba da kamfanoni suka daɗe suna yaƙi da ita, inda ake tara layuka da yawa cikin wata na'ura, a karɓi kiran ƙasar waje ta intanet, a sake shi kamar na cikin gida don kauce wa biyan kuɗin kiran waje. Shi ya sa wani lokaci ɗan uwa yake kira daga Turai amma lambar Nijar ta fito.

Manhajojin nuna suna

Mutane da yawa suna dogara da manhajoji irin su Truecaller, na wani kamfanin ƙasar Suwidin da aka kafa a 2009. Suna da amfani wajen nuna lambar da jama'a da yawa suka yi ƙorafi a kanta. Sai dai sunan da suke nunawa ba daga wata hukuma ya fito ba. Daga abin da masu amfani suka rubuta yake fitowa, kuma ɗan damfara yana iya sa wa lambarsa sunan banki. Idan kuma lambar aro ce, manhajar za ta nuna sunan mai lambar na gaske, ta ƙara wa ƙaryar ado. Hoton da ke kan WhatsApp ma haka yake: kowa yana iya ɗauko hoton wani ya liƙa.

Yadda mutum zai tantance da kansa

Aron lamba yana da rauni guda babba: yana aiki ne a kan kira mai shigowa kawai. Wanda ya katse ya buga lambar da hannunsa, mai ita na gaske zai samu. A kan wannan ne sauran matakan suka ginu.

1. A katse, a sake kira. A yi amfani da lambar da aka riga aka sani, ko wadda ke jikin katin banki, ko takardar kamfani. Kada a kira lambar da mai kiran ya bayar.

2. Kada a faɗi lambar sirri, wadda aka fi sani da kod, ko lambobin da suka shigo ta saƙo. Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar su don yin aikinsa.

3. Kada a danna wasu lambobi da alamomi bisa umarnin mai kira. Ta haka ake sa mutum ya tura kuɗi da hannunsa, ko ya karkatar da kiransa zuwa wata waya.

4. Idan an ce an turo kuɗi bisa kuskure, a duba asusu ta hanyar da aka saba. In da gaske ne, a tura mai shi wurin kamfani ya warware.

5. Idan labarin ɗan uwa ne, a nemi hanya ta biyu: matarsa, maƙwabcinsa ko abokin tafiyarsa. Wannan yana da muhimmanci, domin idan an sace wayarsa ko an ƙwace layinsa, ɓarawon ne zai ɗauka. A yi wa mai kiran tambayar da ɗan gida kaɗai zai iya amsawa. Wasu iyalai suna ajiye wata kalma tsakaninsu saboda irin wannan rana.

6. A lura da gaggawa da ɓoyo. «Yanzu-yanzu» da «kada ka gaya wa kowa» su ne jarin ɗan damfara. Sauri kan haifi nawa, kuma babu wata hukuma da za ta rufe asusu don an ce a jira minti goma.

7. A kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, wanda ke neman wata lambar sirri da mai asusun ya zaɓa da kansa.

Tsofaffi da waɗanda ba sa karatun boko sun fi shiga haɗari, tunda saƙonnin kamfanoni da Faransanci suke zuwa, kuma sau da yawa wani ne yake karanta musu. Yana da kyau kowane gida ya samu amintaccen mutum guda da za a tuntuɓa kafin a tura ko dala ɗaya bisa umarnin waya.

Idan an riga an faɗa tarko

Lokaci ne abu na farko. A sanar da kamfanin waya, ko banki, ko gidan aika kuɗi nan take, domin wani lokaci ana iya tsayar da kuɗin kafin a cire su. A sauya lambar sirri. Kada a goge saƙonni da jerin kira: lambar da ta kira, ranar, lokacin da lambar shaidar aiken kuɗin su ne abin da masu bincike za su nema. Sannan a kai ƙara ofishin ƴan sanda ko na jandarma mafi kusa. Idan WhatsApp aka ƙwace, a gaggauta sanar da dangi da abokai ta wata hanya kafin a fara roƙonsu kuɗi.

Akwai kuma wanda aka ari lambarsa ba da saninsa ba. Alamar ita ce baƙi su riƙa kiransa suna cewa sun ga kiransa, alhali bai kira kowa ba. Wannan ba ya nufin an shiga wayarsa. Ya sanar da kamfaninsa, ya ajiye shaidar cewa ya yi hakan, saboda ranar da wani zai zo da ƙorafi.

Kunya ce take hana mutane da yawa magana bayan an cuce su, kuma shirun nan ne yake ba ɗan damfara damar maimaita dabara ɗaya a unguwa ɗaya. Wanda ya ba da labarin abin da ya same shi a majalisa, ko a kasuwa, ko a gidan suna, ya tsare aljihun mutum goma da ba su riga sun ji ba.